Soso da Tulin Ƙyallaye

Mai Kushin ba ya zubar da ƙyalle. In ya yanka yadi zai rufe kujera, abin da ya rage, ko faɗin tafin hannu ne, sai ya karkaɗe shi ya wurga ɗakin baya, ya ce wata rana zai yi amfani. Shekara ashirin da biyu yana wurgawa, ranar ba ta zo ba. Tulin ya hau har ya toshe taga. Akwai karan-miski a ciki, akwai leda, da guntayen soso, da yadin labule, har da rigunan kujerun wata motar haya da tuni 'yan gwangwan suka farfasa ta.

A cikin wannan tuli ya tsinci kare, shekara shida da suka wuce. Ɗan kwikwiyo ne ja, ya kutso ta ƙasan ƙofa ya lafe tsakanin soso yana makyarkyata. Mai Kushin bai wahalar da kansa wajen neman suna ba, ya ce Soso. Tun daga ranar, tulin nan ne wurin kwanansa. Ya girma ya zama ƙaton kare mai faɗin ƙirji, yana gadin shago, yana raka maigidansa har bakin titi ya dawo. Mai Kushin mutum ne marar yawan magana, dama kullum bakinsa cike yake da ƙananan ƙusoshi, amma in ya tofar da su a hannu, Soso yake fara yi wa hira. Yana son karen nan, ba ya kuma ɓoyewa.

Bango ɗaya ne tsakanin shagonsa da kemis ɗin yayansa. Ginin ma na Yaya ne. Shi ya riƙe Mai Kushin tun yana ƙarami, shi ya kai shi koyon sana'a, kuma har gobe Auta yake ce masa, ko da yake Autan ya ba hamsin baya, furfura ta cinye masa gemu. A gidansu ba a zuwa asibiti sai Yaya ya duba ya ce a je, kuma bai cika cewa a je ba.

Saboda haka da gashi ya zube a bayan kunnen Soso, wani da'ira ya fito kamar an ɗora kwabo an zana, gefensa ja, tsakiyarsa fari-fari yana ɓarewa, Mai Kushin bai yi wani dogon tunani ba, ya leƙa kemis.

Yaya ya tsaya daga nesa, don shi ba ya taɓa kare, ya gyara tabarau.

"Wannan ai ba komai ba ne. Ungo wannan man, shafa masa safe da yamma. Ga ƙwaya kuma, ɗaya kullum. Kwana uku za ka zo ka ba ni labari."

Kwana uku kuwa aka yi, jan ya kwanta, susa ta tsaya. Yaya ya yi ta faɗa wa masu sayen magani cewa yanzu har karnuka yake gani. Da aka daina ƙwayar, abin ya dawo, wannan karon wuri uku. Aka koma wa ƙwaya, ya lafa. Haka aka yi ta yi wata biyu. Soso ya koma shan ruwa kamar raƙumi, yana fitsari ko'ina, cikinsa ya yi tulu, ba ya ƙoshi, kuma ko akuya ta shigo har bakin shago sai dai ya ɗaga kai ya dube ta ya mayar. Da'irorin suka haɗe a wuya da kafaɗa, suka zama fili guda.

Sai ga jikar Yaya, 'yar shekara huɗu, wadda ba ta da aiki in an kawo ta sai rungumar wuyan Soso, ta tashi da irin wannan da'ira a damtse. Ran nan Yaya bai aiko ba, da kansa ya shigo.

"Auta, karen nan ya gama zama a ginin nan. Na yi magana da mai a-kori-kura, zai kai shi can bayan gari ya sauke."

Mai Kushin ya tofar da ƙusoshin bakinsa. Ya san abin da bayan gari ke nufi ga kare marar lafiya wanda bai taɓa neman abinci da kansa ba.

"Yaya, a yi mini haƙuri. A ba ni lokaci."

"Lokacin me? Maganin da na ba shi ko mutum ne ya isa ya warke."

"Ko zuwa ƙarshen watan gobe."

Yaya ya dube shi, ya dubi karen da ke kwance yana haki.

"Ƙarshen watan gobe. Ranar Asabar ta ƙarshe mota za ta zo. In da sauran tabo ko ɗaya a jikinsa, kada ka buɗe mini baki."

Da Mai Kushin ya koma gida ya kasa cin abinci. Matarsa ta zuba masa ido har ya gama juya cokali, sannan ta ce, "Wai ni kam, babu likitan dabbobi ne a garin nan? Kai in kujerar mutum ta yage, wurin mai kemis yake kai ta?"

"Yaya zai ji babu daɗi."

"To, zauna. Ran Asabar ɗin sai ka ɗaga wa motar hannu."

Washegari ya sa wa Soso igiya, suka taka har asibitin dabbobi, suna tafe suna hutawa. Likitar mace ce, gajera, mai saurin magana, hannunta duk tabon farcen kyanwa. Ta sa safar hannu, ta duba wuyan, ta kashe fitilar ɗaki ta haska wata 'yar fitila mai shuɗin haske. Gashin da ke gefen tabon ya yi wani kore shar yana ƙyalli. Mai Kushin ya ja da baya.

"Makero ne, Baba," in ji ta. "Irin wanda ke kama kan yara. Me kuke ba shi?"

Ya ciro kwalin man da katin ƙwayar daga aljihu. Ta karanta, ta ajiye, ta ɗago ta dube shi.

"Tun yaushe?"

"Wata biyu ke nan."

"Wa ya ba ku?"

"Yayana. Yana da kemis. Kuma yana aiki, Likita, in an ba shi sai abin ya kwanta."

"Ya kwanta a idonku. Wannan sitiroyid ne, duka biyun. Magani ne mai amfani a inda ya dace, ni ma ina ba da shi. Amma aikinsa shi ne ya hana jiki yin faɗa. Shi kuma makero abu ne mai rai, dangin funfunar da ke fitowa a kan burodi. Jan nan da kuke gani, jikin ne ke kokawa da shi. Kun riƙe wa jikin hannu, kun bar cutar tana ci. Shan ruwan nan da ƙaton cikin nan ma duk aikin ƙwayar ne."

Mai Kushin ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da hannunsa yake tura ƙwayar cikin kan kifi kowace safiya, yana shafa kan Soso yana ce masa yaron kirki.

"To yau na daina ba shi."

"A'a, kada ku kuskura. Man dai ku daina yau. Ƙwayar kuwa jikinsa ya saba da ita, in kuka tsayar rana ɗaya zai iya faɗuwa. Rabi-rabi za mu dinga ragewa har sati uku."

Ta rubuta masa komai a takarda: yadda za a rage tsohuwar ƙwaya, da sabuwar da ke kashe makeron, wadda za a ba shi da abinci, da sabulun ruwa na wanka sau biyu a sati, a bar kumfar minti goma kafin a ɗauraye. Ta ce a kai yarinyar asibitin mutane, kada a shafa mata man nan. Ta ce kada karen ya ƙara kusantar kujerun mutane. Ta goge jikinsa da sabon buroshin haƙori, ta dangwala a wani ɗan faranti mai murfi, ta ce a nan za a ga ko cutar za ta tsiro.

"Abu biyu kuma, Baba. Na ɗaya, zai fara yin muni kafin ya yi kyau, kada ku tsorata. Na biyu, ina yake kwana?"

"A ɗakin baya. A kan... ɗan ƙyalle."

"Duk abin da yake kwanciya a kai, a wanke da ruwan zafi, wanda ba ya wankuwa a zubar. Gashin da ya zube yana ɗauke da cutar fiye da shekara."

Da Mai Kushin ya ji kalmar zubarwa sai ya tuna tulinsa. Ya ce to. Da ya koma, ya ɗauke tsohon labulen da ke saman tulin, wanda Soso ya fi kwanciya a kai, ya wanke shi tas da ruwan zafi, ya shanya, ya mayar. Ya gaya wa kansa ai ya bi umarnin likita.

Sauran kuwa bai yi wasa da su ba. Ya manna takardar a jikin keken ɗinki. Ya kafa katanga da guntun katako tsakanin ɗakin baya da shago. Talata da Juma'a yana tsugune a bayan gini da bokiti da safar roba, ya cuɗa Soso har kumfa ta rufe shi, ya ajiye waya a kan bulo yana kallon minti goma suna tafiyar hawainiya, shi kuma karen yana kallonsa kamar wanda aka ci amanarsa.

A sati na biyu abin da Likita ta faɗa ya faru, har ya fi yadda ya zata. Wuyan ya yi ja wur, ya kumbura, Soso ya dinga goga jiki a bango yana kuka ƙasa-ƙasa. Mai gyaran babur na tsallaken titi ya ce shi dai bai taɓa ganin magani mai ƙara ciwo ba. Da rana tsaka Yaya ya shigo, hannunsa a dunƙule. Ya buɗe, ƙwayoyi ne farare guda biyu.

"Na ji ka kai shi wurin masu takarda. Ga sakamako nan muna gani. Ba shi wannan, cikakkiya ba rabi ba, gobe war haka ya daina wannan kukan."

Mai Kushin ya dubi ƙwayoyin. Ya san gaskiya Yaya ya faɗa, gobe kukan zai tsaya. Kukan kuwa yana taɓa shi har cikin rai. Tun da ya yi wayo bai taɓa mayar wa Yaya da abin da ya miƙo masa ba, ko tsohuwar riga ce.

"Yaya, ba zan ba shi ba."

"Me ka ce?"

"Maganin nan shi ya kai mu nan. Ba laifinka ba ne, taimako ka yi. Amma ba zan ƙara masa ba."

"Auta, ni kake koya wa magani? Shekara talatin ina bayan kanta."

"Ban isa ba, Yaya. Amma dai ba zan ba shi ba."

Yaya ya rufe hannunsa, ya juya. A bakin ƙofa ya ce, "Asabar tana nan tafe." Kwana tara bai amsa gaisuwar ƙaninsa da fiye da ɗaga kai ba.

A sati na huɗu jan ya dushe. Wani gashi mai laushi kamar na ɗan tsako ya fara tsirowa a wuya. Shan ruwan ya ragu, cikin ya saɓe, kuma wata safiya Soso ya bi akuya da haushi har ta faɗa kwata. Mai Kushin ya yi dariya har sai da ya kusa haɗiye ƙusa. Amma ana saura kwana uku Asabar, yana cikin yi masa wanka, ya juya shi, sai ga sababbin da'ira biyu a ciki, ɗaya a cinya, jajaye, sabbi fil.

Ya zauna a kan bulo, kumfa na ɗiga daga hannunsa. Da ya samu ƙarfin kiran Likita, ta yi masa tambayoyi ya amsa, babu inda ya tsallake magani. Ta ce, "To akwai inda yake sake ɗauka. Zan zo in ga wurin da idona. Sai dai Asabar nake da sarari."

Asabar da hantsi, ita da a-kori-kura kusan tare suka iso. Direban ya sauke murfin baya, ya jingina yana sakace. Yaya ya fito daga kemis ya harɗe hannu. Likita ta gaishe shi da ladabi, ta wuce ta tsallake katangar katako, ta tura ƙofar ɗakin baya. Ta daɗe a tsaye.

"Baba," ta ce, "wannan ne ɗan ƙyallen?"

Mai Kushin ya sunkuyar da kai.

Ta ce a jawo ƙofa a rufe. A cikin duhun ɗakin ta kunna fitilarta ta haska tulin. Ko'ina ɗigo-ɗigon kore ne, a kan karan-miski, a cikin ramukan soso, har can sama kusa da taga inda Soso ke hawa in ana zafi. Yaya, wanda ya biyo su don ya ga ƙarshen taurin kai, ya leƙo ta kafaɗarta, ya ce, "Subhanallahi."

"Kuna wanke shi da safe, yana komawa ya kwanta a cikin cutar," in ji Likita. "Maganin yana aiki, ga wuyansa nan shaida. Amma muddin wannan tulin yana nan, ko shekara za a yi ba zai rabu da ita ba."

Aka buɗe ƙofa. Direba ya leƙo ya ce, "Ina karen? Ina da wani lodin a gaba."

Mai Kushin ya dubi tulin. Ya san kowane ƙyalle a ciki. Ga shuɗin da ya rage daga kujerar farko da ya yi da sunansa, ga jan ledar da ya rufe kujerun ɗakin matarsa. Ya dubi Soso, wanda ya zo ya jingina da ƙafarsa yana kaɗa wutsiya, bai san motar tasa ba ce. Sai ya sa safar roba, ya rungumo ƙyallaye iya ƙarfinsa, ya ratsa tsakanin Yaya da Likita, ya watsa su a bayan mota.

"Ga lodinka nan, direba. Juji za ka kai."

"An ce mini kare ne."

"An canza."

Ya koma ya sake rungumowa. Yaya ya saki baki. Shekara ashirin yana faɗa a kan tulin nan, ya yi maganar gobara, ya yi maganar ɓera, ya yi rantsuwa, Auta yana cewa to, tulin yana ƙara tsawo.

"Auta, duka?"

"Duka, Yaya. Har wanda ke bayan ƙofa. Ka ƙara mini wata ɗaya kawai."

Yaya ya juya. Ya shiga kemis, ya fito da takunkumin hanci guda uku, ya miƙa masa ɗaya, ya ba direba ɗaya, ya ɗaura ɗaya. Sawu huɗu motar ta yi. Da aka kwashe na ƙarshe, haske ya shigo ta tagar da aka manta da ita, aka ga ashe ɗakin babba ne. Suka share, suka wanke daɓen da ruwan bilic sau biyu. Soso ya samu tabarmar roba wadda ake wankewa kullum, ya kwana biyu yana fushi da ita kafin ya haƙura.

Kafin Likita ta tafi ran nan, Yaya ya tare ta a bakin kemis, ya rage murya, amma bango ɗaya ne, Mai Kushin ya ji.

"Likita, man nan... ga mutane ma haka yake yi?"

"Haka yake yi, Baba, in makero ne."

"To." Ya yi gyaran murya. "Dama tambaya ce kawai."

Da yamma Mai Kushin ya ga an kwashe kwalayen man daga gaban kanta an mayar da su can sama, nesa da hannu.

Da'irorin ciki suka bushe cikin sati biyu, babu wanda ya sake fitowa. Likita ta ƙi yarda da ido, ta ce sai faranti ya yi magana. Ta goge shi da buroshi, aka jira, babu abin da ya tsiro. Ta sake gogewa, aka sake jira. Watan da Mai Kushin ya roƙa ya cika har ya gota, Yaya bai ce uffan ba, shi ma bai tuna masa ba. Ran nan yana tsaka da ja wa wata kujera yadi, waya ta yi ƙara.

"Baba, faranti na biyu ma fes yake. Ku daina magani. Ku cire katangar."

Ya ce na gode ya fi sau biyar, har ta kashe yana faɗa. Ya sa guduma ya ɓalle katakon da bugu uku. Soso ya tsaya yana duban wurin, bai yarda ba tukuna, sai da aka kira sunansa, sannan ya yi tsalle ɗaya ya faɗo shago, ya zagaye keken ɗinki, ya fita titi a guje ya dawo, gashinsa ja yana sheƙi, ƙirjin nan ya dawo yadda yake. Mai gyaran babur ya ajiye sifana yana tafi.

Yaya ya fito jin hayaniya. Jikarsa na riƙe da rigarsa, damtsenta ya warke tuni, tana ta zillo za ta tafi wurin karen, ya riƙe ta.

"Tsaya tukuna. Auta, kawo shi nan."

Mai Kushin ya kamo Soso ya kawo. Yaya ya gyara tabarau, ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya miƙa hannu, ya ɗan tsaya, sannan ya nutsa yatsunsa cikin gashin wuyan, ya buɗa, ya duba bayan kunne, ya sa aka juya shi ya duba ciki da cinya. Soso ya yi lamo, kamar ya san wa ke duba shi.

Yaya ya dafa kafaɗar ƙaninsa ya miƙe. Ya saki hannun yarinyar, ta ruga ta rungume wuyan karen.

"Ya warke," in ji shi. Ya kakkaɓe gwiwarsa. "Da ka bi tawa, da mun kashe shi. Ka kyauta da ka ƙi."

Mai Kushin ya dubi yayansa. Murna ta cika shi har idonsa ya kawo ruwa, bai kuma damu da mai gyaran babur yana kallo ba. Ya tsuguna kusa da yarinyar, ya kama kunnuwan Soso biyu yana girgiza masa kai.

"Ka ji ko? Babu inda za ka."